Yadda ƙishirwa ke kashe macizan da ake kiwo a cikin akwati

A watan Janairu, lokacin da iskar hunturu ke saukowa daga Sahara har ta kai gaɓar tekun Togo, Ghana da Benin, ciyawa kan bushe, ƙasa ta tsattsage, leɓɓan mutane su farfashe. Amma a ƙarƙashin wannan busasshiyar ƙasa, cikin ramin da ɓera ko gafiya ta haƙa ta bari, wata ƙaramar mesa tana kwance a naɗe, iskar da take shaƙa kuma cike take da danshi.

A wannan watan dai, a wani ɗaki a birnin Chicago ko Berlin, 'yar'uwarta tana kwance cikin akwatin gilashi mai murfin raga. An kunna mata fitilar ɗumi a sama, an kunna na'urar ɗumama ɗaki saboda sanyi, ga kwanon ruwa a gefe. Mai ita yana ƙaunarta, ya kuma kashe kuɗi a kanta.

Duk da haka, a cikin biyun nan, wadda ke cikin gata ita ce ta fi fuskantar haɗarin bushewar jiki.

Wannan matsala ta ƙarancin danshi na cikin abubuwan da suka fi kai macizan gida wajen likitocin dabbobi. Tana shigowa ne a hankali, ba tare da hayaniya ba, domin maciji ba ya kuka, ba ya haki, ba ya bin mai shi yana neman ruwa kamar kyanwa ko akuya.

Macijin Afirka ta Yamma da ya mamaye kasuwar duniya

Kiwon maciji don sha'awa baƙon abu ne ga yawancin Hausawa, waɗanda suka fi sanin maciji a hannun gardawa ko kuma a matsayin abin da ake ɗaukar wa sanda. Amma a Amurka, Turai da Japan harka ce babba, mai shaguna da kamfanoni da bukukuwan baje koli, irin wanda ake yi a garin Hamm na ƙasar Jamus.

Macijin da ya fi kowane farin jini a wannan kasuwa ɗan Afirka ne. Ƙaramar mesa ce marar dafi da Turawa ke kira ball python, saboda idan ta tsorata takan dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. A kimiyyance sunanta Python regius. Tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi ba, saɓanin babbar mesar da ke iya haɗiye ɗan akuya.

Ana samunta daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda, haɗe da Najeriya, Kamaru da Chadi. A garin Ouidah na Jamhuriyar Benin akwai wurin bautar gargajiya da ake ajiye ta ana girmama ta, haka ma a wasu yankunan ƙasar Ibo ba a kashe ta.

Tun daga shekarar 1975 da yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta fara aiki, an fitar da irin wannan mesa sama da miliyan 3 daga Afirka ta Yamma, mafi yawa daga Togo, Benin da Ghana. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin jerin halittun da suka kusa shiga barazana.

Yau ana haifar da yawa daga cikinsu a hannun masu kiwo a ƙasashen waje, an kuma samar da launuka iri-iri da ba a gani a daji. Sai dai canjin launi bai canja jiki ba. Mesar da aka ƙyanƙyashe a Jamus tana buƙatar irin iskar da kakanninta suka shaƙa a ramukan Togo.

Kuskuren kallon taswira

Shekaru da dama masu kiwo sun riƙa yin wani kuskure mai sauƙin fahimta. Sukan dubi taswira su ga cewa macijin ya fito daga Afirka, ƙasar rana da fili, sai su haɗa masa akwati mai zafi da bushewa.

Abin da suka manta shi ne, wannan mesa ba a fili take wuni ba. Da rana tana cikin rami ko cikin suri, sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, raɓa ta fara sauka, sannan ta fito farauta. Idan rani ya tsananta tana iya daɗewa a ƙasa ba ta leƙo ba.

Rami kuwa duniya ce ta daban. Ƙasar da ke kewaye da shi tana riƙe laima, iska ba ta kaɗawa a ciki, rana ba ta shiga. Duk wanda ya taɓa haƙa rami da rani ya san cewa idan aka wuce busasshiyar ƙasar sama, ta ƙasa sanyi gare ta a hannu.

Wani bincike da aka gudanar a Togo, wanda Fabien Aubret da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, ya nuna muhimmancin ruwa ga wannan halitta tun tana cikin ƙwai. Uwar takan naɗe ƙwayayenta tsam na kusan wata biyu har su ƙyanƙyashe. An daɗe ana zaton ɗumi take ba su. Binciken ya gano cewa babban amfanin wannan naɗewa shi ne hana ƙwayayen rasa ruwa, domin waɗanda aka raba da uwa sun fi bushewa, ƙyanƙyasarsu kuma ba ta yi kyau ba.

Ta inda ruwa ke fita da ta inda yake shiga

Jikin maciji yana da dabarun tattalin ruwa. Ba ya gumi. Ba ya fitsari mai ruwa-ruwa kamar na mutum, sai dai ya fitar da wani farin abu mai kauri kamar alli tare da kashinsa, irin wanda ake gani a kashin kaji. Wannan ne ya sa wasu ke zaton bai damu da ruwa ba.

Amma ruwa yana fita daga jikinsa ta hanyoyi biyu da ba sa tsayawa dare da rana: ta fata da ta numfashi. Duk lokacin da ya fitar da numfashi, ɗan tururi ya tafi. Gwargwadon bushewar iskar da ke kewaye da shi, gwargwadon saurin tafiyar ruwan.

Wata fahimtar da ta yaɗu ita ce, ɓeran da maciji ya haɗiya ya ishe shi ruwa. Masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka sun gwada wannan a kan macijin hamada mai ƙararrawa a wutsiya, suka wallafa sakamakon a 2019. Sun gano cewa cin abinci bai kawar wa macizan da ƙarancin ruwa ba, sai da suka sha ruwa zalla jikinsu ya dawo daidai. Narkar da abinci ma kansa ruwa yake ci.

Hatta macijin teku bai tsira ba. Farfesa Harvey Lillywhite na Jami'ar Florida ya nuna cewa wani macijin teku mai rawayan ciki da ke gaɓar Costa Rica kan shafe watannin rani cikin ƙishirwa alhali yana tsakiyar ruwa, domin ba ya shan ruwan gishiri. Sai an yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwan daɗi ya kwanta a saman teku, sannan ya sha.

Idan macijin hamada da na teku sai sun sha, to wanda ke cikin akwati, wanda ba shi da rami ko raɓa, rayuwarsa kacokan tana hannun mai shi.

Lissafin da ke busar da akwati

Danshin iska ana auna shi ne da kashi cikin 100. Idan aka ce kashi 60, ana nufin iskar tana ɗauke da kashi 60 cikin 100 na iyakar tururin da za ta iya ɗauka a wannan zafin.

A nan gizo ke saƙar, domin iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, iskar da ta cika wuri mai mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi tana iya ɗaukar kusan giram 17 na tururi. A digiri 30 kuwa tana iya ɗaukar kusan giram 30.

Ma'anar wannan ita ce, idan iskar ɗaki mai danshi kashi 60 a digiri 20 ta shiga akwati, fitila ta ɗumama ta zuwa digiri 30, danshinta zai faɗi zuwa kusan kashi 34, ba tare da an cire ko ɗigo ɗaya ba. Iskar ta ƙara girman ciki ne, don haka sai ta shiga neman ruwa a duk inda ta samu: a kwano, a shimfiɗa, da kuma jikin macijin.

Murfin raga yana ƙara dagula lamarin. Iska mai zafi sama take tashi, sai ta fice ta ragar ɗauke da danshin, busasshiyar iskar ɗaki ta maye gurbinta. Akwatin ya zama kamar bututun hayaƙi. Na'urar ɗumama ɗaki a ƙasashen sanyi, da na'urar sanyaya ɗaki a ƙasashen zafi, duk suna busar da iskar tun kafin ta isa akwatin.

Ita wannan mesa tana buƙatar ɓangare mai ɗumi na digiri 31 zuwa 33 don narkar da abinci, da ɓangare mai sanyi na digiri 24 zuwa 27 don hutawa. Danshin da yawancin masu kiwo ke nema shi ne kashi 60 zuwa sama, a ɗaga shi zuwa 70 ko 80 lokacin saɓa. Haɗa ɗumi da danshi a wuri guda shi ne ainihin aikin.

Saɓa, takardar sakamakon mai kiwo

Babu abin da ke tona asirin akwati kamar saɓa. Ƙaramin maciji mai girma yakan yi saɓa kusan duk mako huɗu zuwa shida, babba kuma sau kaɗan a shekara.

Kafin tsohuwar fata ta fita, jiki yakan zuba wani ruwa tsakaninta da sabuwa don ya raba su. A wannan lokacin launin macijin kan dushe, idanunsa su yi hazo mai shuɗi-shuɗi. Bayan 'yan kwanaki idanun su washe, daga nan sai ya goga hancinsa a wani abu mai kaushi, ya zare kansa daga tsohuwar fatar kamar yadda ake cire safa, ciki ya dawo waje.

Maciji mai isasshen ruwa yakan bar saɓarsa guda ɗaya daga kai har wutsiya. Idan ta fito gutsi-gutsi, wasu sassa suka manne a jiki, to akwai abin dubawa, kuma danshi ne abu na farko.

Wurare biyu ne suka fi haɗari. Na farko ido. Maciji ba shi da fatar ido mai rufewa, wani siririn murfi ne kamar gilashi ya lulluɓe idon, kuma yana fita tare da saɓa. Idan ya manne, wani ya zo ya hau kansa, gani yakan ragu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Na biyu ƙarshen wutsiya. Tsohuwar fatar da ta rage a nan takan bushe ta zama zobe, ta shaƙe jini, har ƙarshen wutsiyar ya mutu ya guntule.

Akwai wasu alamomin da mai lura zai gani tun kafin saɓa. Fata takan yi tamoji, musamman a wuya da gefen jiki. Murfin ido yakan lotsa ko ya yamutse. Idan aka ɗan tsunkuli fata a hankali aka saki, sai ta tsaya ba ta koma da wuri ba. Yawun baki yakan yi kauri yana yauƙi. Farin abin da ke fita da kashi yakan zama tauri kamar tsakuwa, ko kashin ya ƙi fita gaba ɗaya. Macijin kan yi kasala ya ƙi abinci.

Idan kuma ya tare a cikin kwanon ruwa kwana da kwanaki, wannan ma saƙo ne. Ko dai iska ta bushe, ko zafi ya yi yawa, ko kuma wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini kamar kaska sun shiga ƙarƙashin ɓawon fatarsa.

Abin da ba a gani da ido ya fi muni. Idan ƙarancin ruwa ya daɗe, ƙoda takan kasa fitar da dattin jiki, sai sinadarin ya taru ya daskare a gaɓoɓi da kayan ciki. Hanyar numfashi ma takan bushe ta yi rauni, maciji kuwa ba ya iya tari ya fitar da majina. Shi ya sa ciwon huhu kan yi masa saurin illa.

A auna kafin a gyara

Hannun mutum ba ya iya gane bambanci tsakanin danshi kashi 45 da 65, amma jikin maciji yana ganewa. Don haka kayan aiki na farko shi ne ma'aunin danshin iska.

Ƙananan ma'aunai masu allura da ake mannawa a jikin gilashi sun yi ƙaurin suna wajen kuskure. Masu nuna lamba a fuska, masu aiki da batir, sun fi aminci, kuma ba su da tsada. Wurin ajiye su shi ne ƙasa-ƙasa, daidai inda macijin ke kwanciya, ba can sama kusa da fitila ba. Wanda ya samu biyu, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a na sanyi, zai fi ganin hoton akwatinsa sosai, domin na ɓangaren ɗumi kullum zai nuna lamba ƙasa da ɗayan.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada gaskiyar ma'auni da gishirin miya. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙe kamar rairayi amma kada ya narke, a sa shi tare da ma'aunin cikin roba mai rufuwa ruf ko leda mai zif, a bari ya kwana. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da danshin rufaffen wuri a kashi 75. Idan ma'aunin ya nuna 68, to an san a kullum sai an ƙara masa 7.

Yadda ake mayar da akwati rami

Ƙa'idar da gogaggun masu kiwo ke bi gajeriya ce: iska ta kasance da danshi, inda maciji ke kwanciya kuma ya kasance a bushe.

Mataki na farko shi ne murfi. Rufe mafi yawan ragar da abin da ba ya barin iska ta wuce, kamar takardar alminiyam mai kauri, a bar wurin fitila da ɗan sarari, yakan ɗaga danshi fiye da kowace dabara. Shi ya sa da yawa suka bar akwatin gilashi irin na kifi suka koma na roba mai ƙofa a gaba da ƙananan huji a gefe.

Na biyu shimfiɗa. Jarida da dussar katako ba sa riƙe ruwa, idan kuma aka jiƙa su sai su yi fumfuna. Ɓawon kwakwa da aka daddatsa, ko ƙasa mai tsabta wadda ba a zuba wa taki ko maganin ƙwari ba, su ne ke riƙe laima. A yi kaurin shimfiɗar ya kai santimita 7 zuwa 10. Sai a riƙa tsiyaya ruwa a kusurwoyin akwatin ya gangara ƙasa, ƙasan ya jiƙe, saman ya zauna a bushe. Daga nan ruwan zai riƙa tashi a hankali na kwanaki.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a gidan da ake girke randa a kan jiƙaƙƙen rairayi. Ruwa ne ke tafiya sannu a hankali ta cikin ƙasa ya shiga iska.

Feshi da kwalba, wanda sababbin masu kiwo suka fi dogaro da shi, yakan ɗaga lambar ma'auni na ɗan lokaci kawai, sannan ta faɗi. Ya jiƙa saman shimfiɗa, inda bai kamata ya jiƙe ba, ya bar ƙasa a bushe. Yana da amfani a matsayin ƙari, musamman ga macizan bishiya masu shan ɗigon ruwa daga ganye ko daga jikinsu, amma shi kaɗai ba ya riƙe akwati.

Na uku kwanon ruwa. Ya zama mai nauyi yadda ba zai kife ba, mai faɗi yadda macijin zai iya shiga idan ya so. Faɗin fuskar ruwa ne ke ƙara danshi, ba zurfinsa ba. A canja ruwan kullum ko bayan kwana biyu, a wanke kwanon, domin maciji kan yi kashi a ciki, wasu kuma ba sa shan ruwan da ya daɗe. Duk ruwan da mutum zai sha hankali kwance ya dace.

Na huɗu shi ne ramin kansa. A samu roba mai murfi daidai girman macijin idan ya naɗe, a huda ƙofa a gefe, a goge bakin hujin kada ya yanke shi, a shimfiɗa gansakuka ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse. Ko da sauran akwatin ya ɗan bushe, wannan ɗan ɗaki zai riƙe danshi mai yawa, macijin ya shiga idan yana buƙata, ya fita idan ya ƙoshi. Wannan zaɓi shi ne abin da daji ke ba shi kyauta.

Duk abin da ke ba da zafi kuma, fitila ce ko shimfiɗar lantarki, dole a haɗa shi da na'urar da ke kashe shi idan zafi ya kai iyaka. Zafin da ya wuce ƙima yana busar da akwati, yana kuma ƙona maciji ba tare da ya matsa ba.

Idan an wuce gona da iri

Wasu kan ji tsoron bushewa har su mayar da akwati fadama. Wannan ma cuta ce. Macijin da ke kwana a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai datti, ɓawon cikinsa yakan yi ja ko ruwan ƙasa, ya yi ƙuraje masu ruwa, ya fara ruɓewa. Idan ƙwayoyin cutar suka shiga jini, mutuwa na iya biyo baya.

Ruwan da ke tsiyaya a jikin gilashi ba ya yankewa, warin ruma, da fumfuna a kan itace, duk alamu ne cewa iska ba ta zagayawa. Maganin shi ne a buɗe ƙarin huji, a kwashe jiƙaƙƙen saman shimfiɗa, a jinkirta ƙara ruwa.

Kowane maciji kuma da irin nasa. Macijin gonar masara na Amurka, wanda shi ma ke da farin jini, kashi 40 zuwa 60 ya ishe shi. Koriyar mesar bishiya ta tsibirin New Guinea da macijin bakan gizo na dazukan Brazil suna son fiye da haka. Macijin rairayi da ake kira da sunan Kenya, wanda asalinsa ya miƙa daga gabashin Afirka har Sudan, Chadi da Nijar, busasshen akwati yake so, amma shi ma a daji yakan nutse ne cikin ƙasa inda ake samun laima, don haka yana buƙatar kwanon ruwa da ɗan lungu mai danshi.

Hunturu, bazara da damina

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, duk mai riƙe da irin wannan dabba, ko gidan ajiye namun daji ne, ko sashen nazarin halittu na makaranta, ko mai sha'awa, yana fama da yanayi uku a shekara guda.

Da hunturu, danshin iska a Kano, Sakkwato ko Maradi kan faɗi ƙasa da kashi 20. Abin da ke fasa dugadugai da busar da shanya cikin ɗan lokaci shi ne ke zuƙe kwanon ruwa da shimfiɗar akwati. A wannan lokacin ne ake buƙatar rufe murfi, ƙara ruwa a kusurwoyi, da duba ma'auni safe da yamma. Sanyin asuba kuma kan sa a nemi ƙarin ɗumi, wanda shi ma zai ƙara busar da iskar.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ba a buƙatar fitila, matsalar ita ce yadda za a samar da wuri mai sanyi. Akwatin da aka ajiye kusa da taga ko ƙarƙashin rufin kwano marar silin na iya kashe maciji cikin wuni guda. Ɗaki mafi sanyi a gida, a ƙasa, nesa da rana, shi ne wurinsa.

Da damina kuwa lissafin ya juya. A watan Agusta iskar kanta ta isa, don haka murfin da aka rufe da hunturu sai a buɗe, a rage zuba ruwa, a sa ido kan fumfuna. Tsarin da ya yi daidai a Janairu zai iya ruɓar da ciki a Agusta.

Duk wannan bayani ya shafi macizai marasa dafi ne. Kububuwa, kasa da kumurci ba abin ajiyewa a gida ba ne. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe ya isa shaida kan abin da suke iya yi.

Idan an riga an makara

Idan aka ga saɓa ta manne, kada a yi gaggawar ɓare ta a bushe, domin za a iya ɗaye sabuwar fatar da ke ƙasa. A sa macijin a roba mai murfi da huji, a kan tawul da aka jiƙa da ruwa mai ɗan ɗumi, na kimanin rabin sa'a. Yana yawo a kan tawul ɗin, fatar za ta yi laushi ta fita.

Wasu kan jiƙa shi a ruwa. Idan za a yi haka, zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 27 da 30, kada zurfinsa ya wuce rabin kaurin jikin macijin, kada a wuce minti 20, kada kuma a bar shi babu mai kallo. Ruwan da hannu ya ji yana da zafi ya yi wa maciji yawa.

Murfin ido da ya manne ba a taɓa shi da hantsaki ko salatif. Sau da yawa yakan fita da kansa a saɓa ta gaba idan an gyara danshi. Ɗura ruwa a baki ma haɗari ne, saboda ƙofar maƙogwaron numfashin maciji tana gaba-gaba a ƙasan bakinsa, ruwan na iya zarcewa huhu.

Macijin da idanunsa suka zurma, ko yake buɗe baki don numfashi, ko ake jin fito ko ganin kumfa a hancinsa, ya wuce maganin gida. Likitan dabbobi ne zai ba shi ruwa ta allura, ya kuma duba ƙoda da huhu. Bayan an taɓa maciji ko kayan akwatinsa a wanke hannu da sabulu, domin dabbobi masu rarrafe kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai haddasa gudawa, wadda ta fi illa ga yara ƙanana.

Wannan mesa kan rayu shekara 20 zuwa 30 idan ta samu kulawa. A watan Yulin 2020, wata da ke gidan namun daji na birnin St. Louis a Amurka, wadda aka ƙiyasta shekarunta 62, ta ba ma'aikata mamaki da ta saka ƙwai bakwai. Wanda ya sayi jaririyarta yau ya ɗauki amanar da za ta iya kaiwa har 'ya'yansa su yi aure.

A daji, idan iska ta bushe, macijin yakan gangara ƙasa da kansa ya nemi inda ya fi masa. A cikin akwati ba shi da inda zai gangara, sai abin da mai shi ya tanada.